Ranar da Gwaggo Ta Yabi Gida

Namadi na tsaye a ƙofar zaure yana ƙara wa tsagewar katanga faɗi da makullin babur lokacin da mai kimanta gida ya iso. Ya yi wuf ya jefa makullin a aljihu, ya miƙa hannu.

Armiya'u sunan mutumin, ya zo da tef ɗin awo da wani littafi mai baƙin bango. Magadan Malam Lado, mahaifin Namadi, su ne suka ɗauko shi. Sun yi zama a Shinkafi, gidan babban wansu Zubairu, suka yanke a sayar da gidan mahaifinsu na Kaura Namoda, kowa ya kama gabansa. Alfarma ɗaya aka yi wa Namadi: abin da mai kimantawa ya yanka, in zai iya biyan 'yan'uwa rabonsu, gida nasa ne. In ya kasa, akwai ɗan kasuwar da ke jira ya rushe ya yi shaguna. Namadi ya riga ya sayar da gonarsa ta Kasuwar Daji, ya san iyakar ƙarfinsa. A ɗakin ƙurya kuma akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, shekara talatin tana nan, ba ɗa ba jika. Ba ta cikin magada, don haka ba a kira ta zaman ba. Shi kuwa nauyin baki ya hana shi faɗa mata, cewa kawai ya yi baƙo zai zo duba gida.

Armiya'u ya yi bayani cewa aikin ba ganin ido ba ne. Zai auna fili, ya duba takarda da lafiyar gini, sannan ya gwada da gidajen da aka sayar kwanan nan a unguwar. Abin da ke ɗaga farashin gida, in ji shi, hanya ce da ruwan sha da inda ruwan sama ke bi.

Tun da aka kafa Kaura ba a taɓa jin ɗa ya kushe gidan ubansa kamar Namadi ran nan ba. Ya nuna tsagewa, ya nuna azarar da gara ta ci, ya ce lungun nan da damina ko jaki ba ya shiga. Ruwa kuwa, sai na 'yan garuwa. Tun jiya ya rufe rijiya da tsohon kwanon rufi, ya jibge kara a kai.

Suna shiga tsakar gida ya ga an kwashe karan. An yi shara, an yayyafa ruwa, ga tabarma, ga fura a ƙwarya. Gwaggo ba ta ga dalilin da baƙo zai sha ruwan da ya kwana ba.

"Namadi, mi kake hwaɗi haka gaban baƙo?" in ji ta. "Gidan ubanka na fa."

Daga nan ta karɓe ragamar. Rijiya dai ba ta taɓa ƙafewa ba, da bazara unguwa kaf nan take ɗiba. Shekarar ambaliya ruwa ya ci gidaje, nan ko dokin ƙofa bai taka ba. Tsagewar kuwa yaɓe ne kawai, a gabanta aka zuba harsashin dutse. Armiya'u sai rubutu yake. Namadi ya yi tari, ya kashe mata ido, ta tambaye shi ko wani abu ne ya faɗa masa a ciki. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta fito da takarda a naɗe cikin ɗankwali, wadda ta nuna kangon baya ma na gidan ne. Armiya'u ya sake warware tef, ya ba Namadi bakin tef ɗin ya riƙe masa.

A waje Armiya'u ya ce rahoto sai mako mai zuwa, amma ya ɗan faɗi inda lissafi ya dosa. Ko gona biyu Namadi ya sayar ba zai kai ba.

"Ku gode wa tsohuwar nan," in ji Armiya'u yana tayar da babur. "Ba don ita ba, da an cuce ku."

Namadi ya koma ciki. Gwaggo na wanke ƙwarya a bakin rijiya, fuskarta fes, irin ta wanda ya sauke nauyi. Tausayinta ya kama shi, sai ya tsuguna yana tattara karan.

"Ka ga na hid da ka kunya," ta ce. "Amma ka sawo siminti a liƙe katangag ga, kada wani baƙo shi sake ganinmu haka."

"To, Gwaggo. Buhu nawa?"

"Ɗaya ya isa. Sauran mu gyara baɗi."