Muryar Baba a Tsohuwar Sabar

Gidan rediyon da Baba ya yi wa aiki har ya rasu zai rufe, kuma duk shirye-shiryensa suna cikin wata tsohuwar kwamfuta a can, wadda suke kira sabar. Injiniyan gidan ya turo min adireshinta, ya ce in sauke abin da zan iya kafin a tashi aiki, don da yamma za a cire ta daga wuta. Ba mu da muryar Baba a ko'ina sai a nan.

Na baje kwamfutata a teburin falo, Mama na gefe tana ɗinke bakin labule. Na fara jan fayil ɗaya, yana ta jan ƙafa. Na ƙara biyu, sai ga aiki ya ɗan yi gudu. Daɗi ya ɗebe ni, na tura adireshin a guruf ɗin danginmu na waya don a san ana kai.

To, danginmu ba sa ganin aiki su wuce. Kafin in sha ruwa komai ya tsaya cak. Layin da ke nuna ci gaba ya ƙi motsi, fayil ɗaya ma ya yanke.

Na kira babban yayanmu. "Yaya, kai ma saukewa kake yi?"

"Ni da Anti da su Kawu. Kowa ya danna duka, mu gama da wuri. Ai taimakonki muke."

"Yaya, don girman Allah ku daina taimako na! Tsohuwar na'ura ce, layinta ɗaya. Biyu ko uku tana iya ɗauka, amma kun taru kun shaƙe ta."

"Yanzu ni za ki koya wa intanet?"

Mama ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "Babba, ka kashe. Ka gaya wa kowa na ce ya kashe." Ta miƙo min, ta koma kan allurarta.

Kawu ne ya fi ba da wahala, sai da ya rantse shi bai taɓa komai ba, alhali nasa ya fi na kowa yawa. Da suka janye ɗaya bayan ɗaya, layin ya motsa. Na bar uku kacal suna tafiya, in ɗaya ya gama in saka wani. Ban tashi daga kujerar ba har na ƙarshe ya sauka, ba a ko tashi aiki ba. Wata ajiyar zuciya na yi, har kafaɗuna suka saki.

Na buɗe ɗaya don in tabbatar bai lalace ba. Sai muka ji gyaran murya, sai Baba ya yi wa masu sauraro sallama.

Mama ta ajiye allurar a cinyarta.

"Wa alaikumus salam, Malam," in ji ta.