Ranar da Ibuki Ya Ƙi Shiga Jirgi

Ni ne mai ɗaukar hoto a fim ɗin jirgin yaƙi mai nutso da Darakta Tokuhara ya yi a Tokyo, shekarun da birnin ke farfaɗowa daga yaƙi. Tokuhara gajere ne mai babbar murya, kuma bai taɓa shakkar kansa ba. Ya sa kafintoci suka ƙera cikin jirgin da ƙuncinsa na gaskiya, da rufi, ba ƙofa sai wani rami a sama da ake sauka ta tsani.

Wanda zai fito a kyaftin shi ne Ibuki Sadao, jarumin finafinan takobi, wanda 'yan mata ke yanko hotonsa daga mujalla. Ranar farko ya zo da rigar soja a goge, ya leƙa ramin, ya ja baya.

"Maigida, a cire bango ɗaya mana," in ji shi. "Don haske."

"Haske aikin Kuwata ne," Tokuhara ya nuna ni. "Kai dai sauka."

Ibuki ya sa ƙafa a tsani, sai gumi ya karyo masa. Ashe lokacin ruwan bama-bamai ramin ɓuya ya taɓa ruftawa da shi, tun daga nan ba ya iya zama a matsattsen wuri. Ya gaya wa Tokuhara haka a gabanmu, kansa a sunkuye.

Mai kamfanin fim ɗin ya ce a nemo wani. Tokuhara ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, mutum mai tsoro nake nema tun farko, ga shi na samu a kyauta. Zai shiga."

Bai lallashe shi ba. Sai ya ba da umarni a riƙa kai abincin rana cikin jirgin. Can muke cin shinkafa da gasasshen kifi, ana karta, ana shewa, Ibuki kuwa yana waje shi kaɗai da kwanonsa.

"Kyaftin!" Tokuhara kan ɗaga murya daga ciki. "Yaya teku daga tudu? Ko a aiko maka da lema?"

Ana cikin haka wata rana sai muka ga takalmi a kan tsani. Ibuki ya sauko a hankali, fuskarsa ta yi fari fat, ya zauna kusa da ni.

"Ku matsa, 'yan iska," ya ce. "Wa ya cinye mini kifi?"

Babu wanda ya tafa. Tokuhara ya tura masa kwano kawai, aka ci gaba da karta.

Ranar da za a ɗauki wurin da jirgin abokan gaba ke sako bama-bamai daga sama, aka rufe murfin ramin. Ma'aikata na dukan ganguna da guduma daga waje, fitilu na ɗaukewa, ruwan tiyo na feso mana ta ko'ina. A rubuce, kyaftin zai daka tsawa ne ya ƙarfafa mutanensa. Ibuki ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na dubi Tokuhara, ya yi mini alama in ci gaba.

Sai Ibuki ya sunkuya ya faɗi maganar cikin raɗa, kalma-kalma, yana duban kowa a ido. Tsigar jikina ta tashi.

Da aka buɗe murfi ya haye da gudu, ya yi amai a bokiti, ya goge baki.

"Ya yi, Maigida?"

"Ba laifi," in ji Tokuhara. "Hularka ta ɗan karkace, amma zan haƙura."

Fim ɗin ya cika gidajen sinima har ƙarshen bazara. A Kure, garin sojan ruwa, tsofaffin ma'aikatan jirgin nutso suka tare Ibuki a bakin ƙofar sinima suna tambayarsa a wane jirgi ya yi aiki lokacin yaƙi.