Lambar da Nafi'u Ya Ɓatar Mini

Nafi'u, ɗan ƙanen mijina, shi ya yi mini wannan ɓarna, kuma ba zan sakaya sunansa ba don gemunsa ya fara furfura. Kwamfutar da 'yata Batula ta bar mini da za su tafi Malesiya ita da mijinta, shekara uku muna ganin juna a cikinta lafiya lau. Ranar Litinin ta makon jiya ya zo gaisuwa, ba wanda ya sa shi, ya zauna ya taɓa ta. Wai kowace na'ura sai akwatin intanet ya ba ta lamba, kamar lambar gida, kafin kira ya same ta. Wai akwai manhajar da ke roƙo mata lambar nan ba sai an sa hannu ba, tawa ta tsufa, ya sa sabuwa. Tun ranar kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Batula ta haihu, yau suna, sunana aka ce za a sa wa yarinyar, ni kuwa ko yatsanta ban gani ba.

To, jiya da na kwanta da wannan baƙin ciki, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni a wani gari da gidajensa ba su da lamba tasu ta kansu. Aro ake bayarwa kullum da safe, in rana ta faɗi a karɓe. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mata sun kife bokitai a kan igiyar shanya suna tara shi. Na matse zanena na wuce.

Ofishin lamba yana gindin wata tsamiya. Akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana tauna gefen wani fayil. Na yi sallama, na ce lambar gidana nake so, jikata na hanya. Ba ta ɗago ba. Ta ce a nan mutum ba ya roƙo da bakinsa, sai ɗan aikensa ya tsaya tsakiyar titi ya yi shela, ofis ya amsa.

Na waiwaya, ga sabon ɗan aikena a tsaye, wani dogo da kwat, ya harɗe hannu. Na ce ya yi shela mana. Ya miƙo mini takarda, ya ce ba a rubuta masa ya roƙa ba, shi kuwa abin da ba a rubuta ba, ba ya yi. Ni ban iya rubutu ba. Na tsoma babban yatsa a taɓo na dangwala masa kamar ranar zaɓe. Ya duba, ya ce ya wadatar.

Ya buɗe baki ya yi shela. Amma da ya zo faɗin sunana, sai ya jawo wani suna mai tsawon igiyar guga, duk baƙaƙe da lambobi, har sai da ya huta a tsakiya ya sha ruwa.

"Ba mu san wannan ba," in ji akuya. "Tabawa muka sani, mai lamba goma sha huɗu."

"Ni ce Tabawa."

"Ɗan aikenki bai ce haka ba."

Ta ce goma sha huɗu tana nan an ajiye wa Tabawa, ni baƙuwa ce, in karɓi sittin da ɗaya. Na gaji da tsayuwa. Na karɓa.

Sai ga mu a ƙofar gidana. Dogo ya kafa sittin da ɗaya da ƙusa. Yana juya baya, sai wani tsoho ya fito daga cikin rumbu, gajere, da yagaggiyar hula. Na gane shi ba tare da an gaya mini ba: shi ne ya yi shekara uku yana roƙo mini lamba. Ashe ba wanda ya ce masa an sallame shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya zare sittin da ɗaya, ya kafa goma sha huɗu. Dogo ya dawo ya zare, ya kafa tasa. Ba faɗa suke ba, ko kallon juna ba sa yi, kowa aikinsa yake. Ƙofata ta koma rariya.

Ana cikin haka sai ga kunkuru a kan keke, ya ɗauko faifai an rufe shi da farin mayafi. Ƙarƙashin mayafin jaririya ce take kuka, irin kukan nan na sabon haihuwa, siriri. Ya tsaya, ya tambaya ko nan ne gidan kaka.

Na ce, "Nan ne, ɗan nan, miƙo ta."

Ya ce, "Ba ke na tambaya ba, Iya. Ƙofa na tambaya."

Ya dubi ƙofa, goma sha huɗu. Ya sauke ƙafa ɗaya, lambar ta koma sittin da ɗaya. Ya mai da ƙafar. Ya ce shi talatin kawai yake ƙirgawa a kowace ƙofa, ya fara ƙirge a hankali. Na roƙi tsoho ya dakata, ya ce ba a ce ya daina ba. Na roƙi dogo, ya nuna mini dangwalena. A talatin kunkuru ya juya kekensa. Na bi shi, ƙafafuna suna mai da ni baya. Iska ta ɗan ɗaga bakin mayafin, na miƙa wuya, ruwan nan mai hawa sama ya shige mini ido.

Da na goge ido sai ga Nafi'u zaune a kan rufin ɗakina, yana shan shayi. Na ce ya sauko ya sallami ɗaya cikin mutanen nan. Ya ce, "Inna, ai a kwamfutata abin yana aiki."

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni. Gari ya waye tangararan. Na duba kwamfuta, ɗan zoben nan na jira yana ta juyawa a fuskarta, ba Batula, ba kowa. Kuma ranarsu can tana riga tamu fitowa da nisa. Kafin in buɗe ido an riga an raɗa suna, an yi addu'a, an watse.

Ba ni da ƙarfin zagi kuma. Amma dole Nafi'u ya zo yau, da ubansa, ya zauna a tabarmar nan har in ga fuskar yarinyar. Sannan ya faɗa mini a gaban ubansa, wa zai mayar mini da safiyar da aka kira sunana ba na nan.