Waya a Cikin Takalmi

Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai game da Auta shi ne takalmi. Duk sa'ad da Auta ta zo gaida Mama, sai ta tuɓe takalminta a bakin ƙofa, ta tura wayarta cikin na ƙafar hagu, ta shiga ɗakin haka nan. Iyayi kawai, in ji Yaya. Ita da ke riƙe da guruf ɗin dangi a waya, da na iyayen yara, da na asibitin da take aikin jinya, ina ta ga lokacin wannan sanabe? Kuma ita ke zuwa kullum. Ita ke auna wa Mama jini, ita ke jera magunguna a kan durowa. Auta sai ranar Asabar, amma ita ke fitowa da labari, kuma wannan na ci wa Yaya rai ba kaɗan ba.

Wata Asabar suna wanke-wanke a kicin, Auta ta ce, "Ashe Yaya da aka haife ki, wata guda Mama ba ta bar kowa ya ɗauke ki ba, har Baba?"

Labarin haihuwar Yaya, a bakin yarinyar da ta goya! Ta ajiye soso, ta faɗa ɗakin Mama.

"Mama, wannan wane irin son kai ne? Ni nake ɗawainiya, ita ke samun hira."

Mama ta dube ta daga kan gado. "Ke na fara gaya wa ai. Ran Talata."

"Ni? Wallahi ba a yi ba."

"To."

Yaya ta fito tana huci. Ba ta faɗuwa a musu, kuma komai nata na cikin waya. Ta lalubo Talata. Ga wani saƙon murya da ta tura wa abokan aiki daga ɗakin Mama, kan sauyin ranakun aiki. Ta kunna, ta kara a kunne.

Muryarta ce tana ta zuba. Can ƙasa-ƙasa kuma ga wata murya, a hankali, da haki: "...don ke ce babba, gara ki sani. Ko wanka zan yi kina kusa da ni. Kina ji na?"

Sai ta ji kanta ta ce, "Eh Mama, ina ji," ta koma kan maganar ranakun aiki.

"Abin da ya sa kuwa," in ji muryar, "kafin ke..."

Nan saƙon ya yanke, daidai inda ta ɗaga yatsa daga kan wayar.

Sau uku ta saurara. Sannan ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta duba ko Auta na kallo, ta tura wayar cikin takalmin, ta shiga ɗakin Mama.

"Mama, kafin ni me ya faru?"

Mama ta gyara filo, ta juya wa bango fuska. "Sau biyu na faɗa, 'yar nan, ba ni da numfashin na uku. Tambayi ƙanwarki, ita ta ji har ƙarshe."

Wayar na ta gurnani a cikin takalmi, Yaya ta tsallake ta. A kicin Auta na ɗauraye kofuna. Yaya ta tsaya a bayanta, da shekarunta arba'in da biyu, ta ɗauki tsumma ta fara goge kofin da ya riga ya bushe.

"Auta," ta ce, "me Mama ta ce ya faru kafin ni?"