Mairama a Fim Ɗin Ɗan Mai Kamfani

Shekara tara Lawan ya yi a Kano, amma in ka cire hanyar da ta tashi daga ɗakinsa na haya zuwa kamfanin robar da yake aiki a Sharaɗa, bai san komai a garin ba. Butoci da bokitai suke bugawa. Ana nan sai ga yayarsa Mairama ta dira daga Magarya da ƙullin kayanta, ta ce sati guda za ta yi, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Kullum a waya sai ka ce kai ɗan birni ne. To ga ni, nuna min birnin."

Da ya tashi daga aiki ya tsayar da adaidaita, ya zaga da ita Sharaɗa. Ya nuna mata katangar kamfanin taliya, ya nuna mata ta kamfanin tabarma. Washegari ya kai ta Challawa, warin fatun da ake jima ya daki hancinta, ta toshe shi da bakin mayafi.

"Lawan, tsakaninka da Allah, ka taɓa hawa Dala?"

"Ai ana hango shi daga nesa, Yaya."

"Gidan zu fa?"

"Mun taɓa wucewa ta ƙofar a motar kamfani."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Ashe kai ba a Kano kake zaune ba, a cikin bokiti kake."

Maganar ta kwana tana cin sa. Sai ga mafita ranar Alhamis. Manaja ya tara ma'aikata ya ce Muhsin, ɗan Alhaji Ashafa mai kamfanin, ya shirya fim, ranar Asabar da azahar za a fara haska shi a sinima. Tikiti bai sayu ba, kuma ba za a bar kujeru wayam a gaban 'yan jarida ba. Kowa ya sako kayan sallarsa, ya zo da mutum ɗaya.

"Ku sa min ido," in ji manaja. "Na ɗaga hannu, ku tafa."

Ranar Asabar Mairama ta taka jan kafet tana gyara ɗaurin kallabi, masu hoto suna ta walƙa mata haske. Aka miƙa mata gugguru da lemo, ta zauna sanyin na'ura na ratsa ta. Ta zunguri ƙanenta ta ce, "Yau kam ka fita kunya." Lawan ya gyara zaman hularsa.

Aka kashe fitila. Muhsin ne ya rubuta labarin, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumin. Wai talaka ne ɗan kamfani da yake son 'yar mai kuɗi. Ga shi nan a allo cikin shadda mai maiƙo da agogon zinare, ya ɗauki bokiti guda, babu komai a ciki, ya ajiye yana sharce gumi. Mutanen da suke sungumar buhu hamsin kafin a kira azahar suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Can wajen ƙarshe mugun fim ɗin ya harbi jarumi. Muhsin ya dafe ƙirji, ya duba ƙasa ya zaɓi wuri mai tsabta, ya tattare shaddarsa, sannan ya faɗi. Ya yi wa budurwa wasiyya. Ya rufe ido, ya buɗe, ya ƙara wata wasiyyar. Sai kuma kiɗa ya tashi, ya fara waƙa daga kwance.

Mairama ta ajiye guggurunta.

"Haba bawan Allah, ka mutu mana! La'asar tana wucewa!"

Ɗakin ya kwashe da dariya gaba ɗaya. Wani dattijo mai gadi har da faɗowa daga kujera. Manaja ya miƙe a fusace ya ɗaga hannu don a yi shiru, ma'aikata kuwa suka ga hannu a sama, suka ɓarke da tafi kamar rufin zai tsage. Lawan ya hango kora daga aiki. Ya fara tunanin ko gonar gero ta gidansu tana nan.

Da aka kunna fitila, Alhaji Ashafa ya taso daga layin gaba yana jan babbar riga, ya tambayi wa ya yi maganar. Lawan ya zube ƙasa.

"Ranku ya daɗe, baƙuwa ce, ba ta san gari ba."

"Ni ce, Alhaji," in ji Mairama, ta ɗan rusuna. "In ɗanku ne, Allah ya raya shi. Amma wallahi kazar da aka yanka ta fi shi iya mutuwa."

Alhaji ya kalle ta. Ya waiga ya tabbata matarsa Hajiya ta yi nisa, sannan ya rage murya.

"Wata takwas ina so in faɗa masa haka, uwarsa ta hana ni."

Ya sa direbansa ya mayar da su gida. Suna fita suka tarar da Muhsin a bakin ƙofa yana shaida wa 'yan jarida cewa dama fim ɗin na barkwanci ne, shi ya tsara a yi dariyar.

Manaja dai bai yafe ba. Ranar Litinin ya tura Lawan wajen injin niƙa tsofaffin robobi, ya yi sati biyu a can kunnuwansa na ƙugi. Yana cikin wannan hali Mairama ta bugo waya daga Magarya, ta ce matan unguwa sun cika mata tsakar gida, ya yi maza ya samo musu fim ɗin ya turo, amma wajen mutuwar kawai suke so.