Hannu a Gefen Labule

Hoto na ɗari da arba'in da biyu Auta take datsewa lokacin da ta sake ganin yatsun nan. Guda huɗu ne, a kusurwar sama ta dama, sun damƙe bakin labulen bango. Ta ja layi ta sare su kamar yadda ta yi wa na baya, hoton ya dawo tsawo da faɗi daidai: wani mutum da sabon kekensa, tsaye a gaban tekun da aka zana da fenti a jikin labulen.

Mai shirya shafin intanet ne ya kafa dokar. Kowane hoto sai ya zama murabba'i, ɗigo ɗari shida ta kowane gefe, kuma a rage masa nauyi, in ba haka ba shafin zai riƙa buɗewa kamar tsohuwa na hawa bene. Shekara arba'in Baba yana ɗaukar mutane a wannan shago. Yanzu ido ya ƙi, kowa kuma ya zama mai hoton kansa da waya. Auta ta rantse kafin a rufe shagon ƙarshen wata sai ta ɗora aikin mahaifinta inda duniya za ta gani.

Wannan shi ne dalilin da ta faɗa wa mutane. Wanda ta ɓoye shi ne fuskar mahaifiyarta take nema. Tana shekara biyu Mama ta rasu, kuma duk da gidan mai hoto ne, babu hotonta ko na magani. Sati uku Auta tana kwashe kwalaye tana sa hotuna a sikana ɗaya bayan ɗaya tana kwafe su cikin kwamfuta, kullum a banza. Sai dai ta haɗa fuskar da kanta: hancin Yaya, goshin Gwaggo, sauran kuma hazo.

Fanka tana juyi a kasalance, hasken taga ya kwanta a kan tsohon labulen da har yanzu yake rataye. In Auta ta daɗe tana kallonsa sai ta ga ruwan yana motsi, ta ga mutanen cikin kwalayen suna fitowa layi-layi suna gyara kwala, suna haɗiye dariya, suna jiran a ce musu kar su motsa. Ta kan ji kamar ita ce mai tsaron ƙofarsu, tana rage wa kowa tsawo don ya iya shiga.

Ƙarar sanda ta dawo da ita. Baba ne ya shigo yana laluben kujera, ya zauna kusa da ita, ya kai hancinsa dab da allon kwamfutar.

"Wannan ai mai keken nan ne. Aro ya yi, ko hawa bai iya ba." Ya yi dariya, sannan ya ɗaga yatsa yana shafa saman allon. "Auta, ina kusurwar?"

"Na gyara ta, Baba. Wai wane ɗan aiki ne wannan da ya yi ta ɓata maka hotuna da hannunsa? Kai ma ba ka taɓa yi masa faɗa ba?"

Baba ya sauke yatsansa, ta juyo ta dube shi.

"Ƙusar wannan gefen ta fita tun watan da muka buɗe shago," ya ce a hankali. "Mamanki ce take hawa benci ta riƙe. Na ce bari in buga wata, ta ce in na buga, to me zai riƙa kawo ta shago? Sai na bar hamar a inda take."

"Baba..."

"Bayan ta rasu ne na buga ƙusar. Ba ki lura hannun ya daina fitowa ba?"

Ta lura mana. Ranar da ta buɗe kwalin da babu yatsun har cewa ta yi alhamdulillahi, aiki ya ragu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Sati uku tana neman uwarta, kuma tun safe tana sare ta da hannunta.

Allah ya taimaka ba ta goge na asali ba. Ta buɗe su, ta bi su ɗaya-ɗaya, wannan karon kusurwa kawai take kallo. Ga hannun da siririn zobe. Ga shi da tsumma a ɗaure a babban yatsa, Baba ya ce ranar wuƙa ta yanke ta. Ga shi ya ɗan kumbura, zoben babu, Baba ya ƙirga da yatsu ya ce cikinta ne, ita Auta.

"Duba na masu gidan burodi," in ji Baba. "Su goma sha huɗu ne, sai da na ja baya har bakin ƙofa kafin su shiga. Wataƙila madubin gyaran kwalliya ya fito."

Ya fito kuwa, can a gefen hagu. A cikinsa akwai wata mace tsaye a kan benci, hannu a sama, fuskarta ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta karkata wuya, tana dariya da wani abu da aka faɗa shekara talatin da suka wuce. Auta ta matso dab da allon.

"Me kika gani? Ƙara min girmansa."

Ta ƙara, fuskar ta fara narkewa. Ta sake ƙarawa, ido da baki suka watse suka zama ƙananan murabba'ai masu toka-toka, har suka cika allon. In ta rage, ga mace tana dariya, amma Baba ba ya gani. In ta ƙara, ita ce ba ta ganin komai.

"Baba, ba ya yiwuwa. Ɗigo ne kawai, babu fuska."

"Tsaya. Kar ki taɓa." Ya matso da kujerarsa, hasken ya kwanta a kan fuskarsa. "Ita ce."

"Ta yaya ka gane?"

"Ni ai haka nake ganin kowa yanzu, Auta." Ya ɗora yatsa a kan hazon, ya bi shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. "Kin ga karkata wuyan nan? Da na shigo ɗazu, haka na same ki."

Wayarta ta yi ƙara. Mai shirya shafin ne yake tambaya ko murabba'an sun kammala. Auta ta rubuta masa cewa ya faɗaɗa gurbin, hotunan za su zo da gefensu. Ta kife wayar, ta bar allon yadda yake.