Ranar da Na Dafa Irin Inna

Bayan girbin kaka, Inna ta zo Gaya daga Zabori da wani ƙaramin bido, irin wanda ake zuba man girki, ta toshe bakinsa da leda ta ɗaure da tsumma. Ko ruwan da na ba ta ba ta shanye ba ta ce in nuna mata inda rana ba ta kaiwa a ɗakina. Na nuna mata ƙarƙashin gado. Da kanta ta durƙusa ta tura shi can ƙurya.

"Waken iri ne, Auta," ta ce. "Tiya biyu, cikin toka. Kada ki buɗe shi, in iska ta shiga ƙwari na shiga. In ruwa ya sauka in zo in ɗauka."

Na san waken nan tun ina yarinya. Ja ne, ƙanana, ba shi da kyan gani, amma wata biyu yake yi ya nuna, tun gero bai fitar da kai ba. A gidanmu shi ke riƙe mutane a lokacin da rumbu ya koma ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. Inna ta gaje shi daga uwarta. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri na maƙwabta duk ya ƙare, nata kaɗai ya tsira, kuma tun daga nan take lallaɓa shi.

Na tambaye ta me ya sa za ta kawo shi har Gaya.

"Gida baki ya yi yawa," ta ce. "In rani ya yi tsawo, ni kaina ban yarda da hannuna ba. Ke ko nan gidanki ba a yunwa."

Na yi dariya na ce ƙwarai kuwa. A ranar ƙaryata ta kai wata huɗu.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka babbar motar mai gidana Hamidu take tsaye a bakin hanya cikin 'yan uwanta. Mutumin da yake zuwa Kotonu sau biyu a wata ya koma zaman inuwar mota, wani lokaci ya gangara bakin kogi ya taya masu kwale-kwale sauke kaya. Ni kuwa in Inna ta kira a salula sai in gyara murya in ce lafiya lau, komai zam-zam. Ni ce fa Nasiba matar direba, wadda in ta je Zabori bikin suna ake leƙowa ta kan danga don a ga zaninta. Bakina ba zai iya furta cewa tukunyata tana kwana ba a ɗora ba.

Abin haushin, duk dabarun Inna da nake yi wa dariya su na koma yi a ɓoye. Da, in na gan ta tana yayyafa wa garwashi ruwa bayan girki don ta sake hura shi gobe, sai in ce Inna ke dai ba ki gajiya da wahala. Sai ga ni ina shanya jiƙaƙƙen gawayi a bayan ɗaki. Guntayen sabulu na haɗa su na dunƙule. Tumatirin da ya fara laushi na yanka na shanya ya zama kauɗa. Ruwan wanke-wanke ban ƙara watsa shi waje ba, gindin zogalen bayan ɗaki nake kai shi, zogalen kuma ya riƙe mu da kwaɗo har yara suka fara ɓata fuska in sun ga ganye. Duk wannan a bayan ɗaki nake yi. Tsakar gida kuwa kullum a share, kwanukan silba a jere, ka ce yanzu aka gama cin nama.

Wata Alhamis cikin zafi, da hantsi, salula ta yi ƙara. Hajiya Salima ce, yayar Hamidu, wadda ke aure a Doso. Ta ce ga su a hanya ita da ƙawayenta biyu za su yi ta'aziyya a Gaya, a gidana za su yi azahar. Hajiya ba muguwa ba ce, amma idonta yana ƙirga kifi a cikin miya, kuma abin da ta gani a gidan mutum kafin magariba ya zaga dangi.

Na shiga madafa na tsaya. Tsakin shinkafa bai cika tiya ba. Mai ɗan kaɗan a gindin kwalba, albasa biyu, yaji. Hamidu ya fita tun safe. Zan iya shiga gidan maƙwabciyata in ce ta taimake ni, kuma na san za ta yi. Girman kai ya hana ni. Zan iya yin kwaɗon zogale in ba su haƙuri. Shi ma girman kai ya hana ni.

Ba zan ce mantuwa na yi ba, ko shaiɗan ya rufe mini ido. Ina sane na durƙusa na jawo bidon. Na ce wa kaina rabi zan ɗiba, rabi ai ya ishi tsohuwa shuka. Na zazzage a faifai, na sheƙe tokar, na tsince waɗanda suka yamutse da masu tabo don kada baƙi su gani, na haɗa su da tokar na watsar a gindin zogale. Da na dubi rabin a cikin ƙwarya sai na ga ba zai cika tire ba, Hajiya za ta ce an yi mata rowa. Na koma na juye sauran.

Waken Inna ba ya son kanwa da yawa, kuma ba ya cin itace. Kafin shinkafa ta yi laushi ya nuna luguf, ya rina ta ja. Na soya albasa a ɗan man nan na zuba a kai. Ƙamshi ya cika gidan, irin ƙamshin tsakar gidanmu na Zabori.

Suka ci, suka side hannu. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce rabonta da wake mai zaƙi haka tun tana budurwa. Hajiya Salima ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta duba.

"Nasiba, wanga wake ina kunka same shi? Ban ganin irinai kasuwa."

Da na ce na Innata ne, da ko ba komai na ba tsohuwa haƙƙinta. Amma sai na ji bakina ya ce, "Yaya Hajiya, cikin tsarabar mai gida ne ta Kotonu. Saura ne."

"Ai na sani," ta ce, ta juya ga ƙawayenta. "Abin waje daban ne."

Da suka tafi na wanke bidon, na mayar da ledar na ɗaure tsumman yadda Inna ta ɗaure, na tura shi ƙarƙashin gado. Ban san wa nake yaudara ba.

Hamidu na gaya wa da ya dawo. Ya ce laifin nasa ne da ya bar gida ba komai, na ce ya bar wannan magana, ba shi ya buɗe bido ba. Ranar kasuwa na bi layin masu hatsi kaf ina tona buhuna. Akwai jan wake, amma manya ne masu sheƙi. Na ce masa ko in sayi wannan in cuɗe da toka.

"Inna za ki yi wa haka?" ya ce. "Matar da ta san wakenta ƙwaya-ƙwaya? Kira ta ki hwaɗa mata tun da sauran lokaci."

Na ɗauki salula ya fi sau goma ina ajiyewa ban kira ba. Duk kiran da ta yi kuwa sai ta ce, "Ajiyata na nan?" ni kuma in ce tana nan, Inna. Bidon ai yana nan.

Ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Laraba da hantsi sai ga sallamarta, da ƙullin garin gero a ka. Ta ce ba zama za ta yi ba, an riga an gyara gona, gobe take son shuka tun ƙasa da danshi. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda kwanukan silba suke, amma ta ce bari ta kama ruwa, ta zaga bayan ɗaki. Ta daɗe. Na san abin da take gani: gawayi a shanye, kauɗa a kan buhu, dunƙulen sabulu kala uku, zogale an tsige shi har ƙirji.

Can ta fito. Ta zauna ta ce in kawo ajiya.

Na jawo bidon. Tun a hannuna ta gane, don abin da ke da tiya biyu na wake da toka ba a ɗauko shi da yatsa biyu. Na ajiye a gabanta na durƙusa. Ban iya kallonta ba, ƙafafunta nake kallo, duk faso, da ƙurar hanya.

"Inna, na dafa."

Na ce baƙi ne suka zo, dangin mai gida, ba komai a gidan. Na ce tun rufe gada muke haka. Ina magana ina jira ta ɗaga murya, don da ta zage ni da na samu sauƙi.

"Sun ƙoshi?" ta ce.

"Sun ƙoshi."

"To, madalla. Baƙo ya ci, ba a ce an yi hasara ba." Ta kwance tsumman ta leƙa cikin bidon, ta mayar. "Auta, da kin hwaɗa mini halin da kuke ciki, ai hatsi zan kawo miki, ba iri ba. Ni ina can ina cika baki ɗiyata ta hi ƙarhin yunwa."

Hawaye suka zubo mini. Ta bar ni na yi, sannan ta ɗan murmusa, irin murmushin mai neman abin da zai rage zafi.

"Sun dai yaba? Kin ce musu na Zabori ne, na tsohuwarki?"

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Zan iya cewa e, ba wanda zai tona. Amma na gaji.

"Na ce na Kotonu ne."

Murmushin ya tafi. Ko da na ce na dafa irin, fuskarta ba ta yi haka ba. Ta dubi hannuwanta, ta juya su, ta goge su a zani kamar akwai abin da ya manne. "Kotonu," ta ce a hankali, sau ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Can ta miƙe ta ce in biyo ta. Muka zaga bayan ɗaki. Ta tsuguna a gindin zogale, inda nake zuba ruwan wanke-wanke, ta ɗaga wani ganye da yatsa. Wasu 'yan tsirrai ne suka yaɗu a wurin, na sha ganinsu ina tsammanin ciyawa ce, har na yi niyyar tugewa.

"Nan kinka zubda tokar?"

"Nan ne. Da waɗanda na tsince, marasa kyau."

"Tun ɗazu na gane su, ban dai san yadda sunka zo nan ba." Ta ƙirga su da yatsa. Tara ne. Biyu har sun fara fure.

Na ce a tuge mata su ta tafi da su. Ta ce wake ba ya son a dasa shi, mutuwa zai yi a hanya. Ta aike ni in samo ƙaya. Da hannunta ta kewaye su saboda awakin maƙwabta, ta nuna mini yadda zan rage ruwan sabulu, ta ce in kwanso ya bushe in bar shi a jiki sai ya yi ƙara in an girgiza, kuma ko ƙwaya ɗaya kada ta ga tukunya.

"Bana gonata ba wake," ta ce. "In watan yunwa ya zo mu ci ganye, ba yau munka hwara ba. Abin da ya rage na uwata shi ne wanga da kinka gani."

Ta bar mana garin geron duka. Na ce ta raba ta koma da rabi, ta ce yara sun gaji da zogale, ta gani a jikin itacen. Na raka ta tasha ina riƙe da bidon, don na ɗauka da shi za ta tafi. Da ta shiga mota na miƙa mata ta taga, ta turo mini shi.

"Riƙe. In sun nuna ki zuba cikin toka ki kawo mini da kanki, ranar kasuwa, da rana tsaka. In an tambaye ki a hanya mi kinka ɗauko, ki hwaɗi ko na wa ne."

Motar ta tashi. Na tsaya a tasha da bidon mai ba komai a ciki, mata biyu da na sani suna kallona, ban ɓoye shi a mayafi ba.